Kirista, Yaƙi da Kishin Ƙasa: Ina Iyakar Take?

Tambaya: Ƙanena ya shiga aikin soja. Ni kuwa tun ina yaro nake jin ana karanta mana cewa Yesu ya ce mu ƙaunaci magabtanmu. Ga shi kuma ina ganin wasu masu wa'azi suna sa wa yaƙin ƙasarsu albarka kamar Allah ɗan ƙasarsu ne. Shin bangaskiyar Kirista tana haɗuwa da yaƙi da kishin ƙasa, ko dai yaudarar kanmu muke yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tambaya biyu ka ƙulla a igiya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Game da yaƙi, akwai wata ƙaramar ƙofa mai matsi wadda Kiristoci masu tsoron Allah suka yi kusan shekara dubu biyu suna saɓani a kanta, wasu suka shiga da hawaye, wasu suka ƙi shiga har aka kashe su. Game da kishin ƙasa irin wanda yake ɗora ƙasa a kujerar Allah, babu ƙofa ko kaɗan. Na daɗe ina koyar da tarihin Ikkilisiya, abin da na lura shi ne mutane sun fi damuwa da tambayar farko, alhali ta biyun ce ta fi yi wa Ikkilisiya ɓarna, ita ce ma take lalata amsar ta farkon.

Mu fara da bakin Yesu, domin kowa ya yarda daga nan ake farawa. Lokacin da ya hau dutse yana koyarwa, masu sauraronsa mutane ne da sojan Roma ya mamaye ƙasarsu. Da ya ce in wani ya tilasta maka tafiyar mil guda ka yi biyu da shi, sun san wanda yake nufi: sojan mamaya ne mai ikon tsayar da kai a hanya ya ɗora maka kayansa. Saboda haka "ku ƙaunaci magabtanku" ba magana ce a kan maƙwabcin da kuka yi cacar baki ba kawai. Magabcin yana da takobi a ƙugu. A daren da aka kama Yesu a Gatsemani, Bitrus ya zare takobi don ya kare mutumin da bai taɓa yin laifi ba daga hannun azzalumai. In akwai faɗan da ya taɓa samun hujja a duniya, wannan ne. Duk da haka Yesu ya ce masa ya mai da takobinsa kube, don wanda ya zari takobi, takobi ne ajalinsa (Matiyu 26:52). Washegari ya gaya wa Bilatus cewa da mulkinsa na duniyan nan ne, da barorinsa sun yi yaƙi. Duk wanda ya ce maka waɗannan ayoyi suna da sauƙin kaucewa, bai zauna da su ba.

Sai dai Sabon Alkawari bai tsaya a nan ba. Sojoji sun zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su dangana da albashinsu (Luka 3:14). Bai ce su tuɓe kaki ba. Yesu ya yabi bangaskiyar wani hafsan sojan Roma fiye da ta kowa a Isra'ila. Karniliyas, wanda Bitrus ya yi wa baftisma a Kaisariya, shi ma hafsan soja ne, kuma ba a rubuta cewa an sa shi ya ajiye aiki ba. Bulus ya ce a Romawa 13 mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Amma ka karanta abin da ya gabace ta a ƙarshen sura ta 12: kada ku rama, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ciyar da shi. Manzo ɗaya ne ya rubuta su a jere. Ya hana mai bi ɗaukar fansa, ya kuma yarda hukuma tana da aikin tsare mutane daga mugu. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda za a yi ranar da mai bin ya zama shi ne hukumar. A nan gizo yake saƙar.

Masu son yaƙi sukan ruga Tsohon Alkawari, su ɗauko Joshuwa. Su ƙarasa karatun. A kusa da Yariko Joshuwa ya ga mutum da takobi zare, ya tambaye shi ko yana wajenmu ne ko wajen abokan gābanmu, mutumin ya ce a'a, shi sarkin yaƙin rundunar Ubangiji ne. Gidiyon ya tara mutum 32,000, Allah ya rage su zuwa 300 don kada Isra'ila ta yi fariya da ƙarfinta. An hana Dawuda gina Haikali saboda jinin da ya zubar, alhali yaƙe-yaƙen nasa ne suka kafa masarautar. Ishaya da Mika kuma suna hangen ranar da za a ƙera takuba su zama garemani. Babu wata ƙasa a yau da ta gaji matsayin Isra'ila ta wancan zamani, kuma babu shugaban da yake da annabi a gefensa yana kawo masa umarni daga sama.

Kiristocin ƙarni uku na farko sun fi karkata ga ƙin ɗaukar makami. Tertuliyan na Kartaj, ɗaya daga cikin malaman Ikkilisiya na farko, ya rubuta cewa da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus, ya kwance ɗamarar kowane soja ne. Orijin, wani malamin Ikkilisiya, wajen shekara ta 248, yana amsa wa wani masani mai suna Kelsus da ya zargi Kiristoci da barin sarki shi kaɗai a fagen fama, ya ce mu da addu'a muke taya sarki yaƙi. Akwai wani saurayi da labarinsa ba ya fita raina, Maksimiliyan, ɗan shekara 21, a garin Tebessa da ke Aljeriya ta yau. A shekara ta 295 aka kawo shi gaban gwamna don a ɗauke shi soja. Aka auna tsawonsa, aka zo rataya masa tambarin darma a wuya, ya ce ba zai karɓa ba, yana da tambarin Almasihu. Gwamna ya ce ai akwai Kiristoci cikin masu tsaron sarakuna. Ya amsa cewa su suka san abin da ya dace da su, shi dai Kirista ne, ba zai iya ba. Kafin a sare kansa ya roƙi mahaifinsa ya bai wa haunin sabbin tufafin da aka tanadar masa don aikin sojan.

Lura da maganar gwamnan nan, domin gaskiya ce: akwai Kiristoci a rundunar Roma tun ƙarni na 2. Kuma abin da ya hana waɗansu shiga ba zubar da jini kaɗai ba ne. Sojan Roma yana rantsuwa da sunan sarki, yana ƙona turare ga gumaka, yana girmama tutocin runduna kamar abin bauta. Tun farko ke nan matsalar takobi da matsalar bautar mulki a haɗe suke.

Da Kustantin, sarkin Roma, ya ci yaƙi a gadar Milbiya a shekara ta 312, ya kuma ba Kiristoci 'yanci a 313, sai tambayar ta juya. Kafin ƙarshen wannan ƙarni Kiristoci ne alƙalai, gwamnoni da sarakunan yaƙi. In mahara suka doso gari, wa zai tare su? Ogustin, bishop na Hippo (Annaba ta yau), shi ya fi kowa yin tunani a kan wannan. Ba mutum ne mai ɗokin daula ba: shi ne ya ce masarautar da babu adalci a cikinta ƙungiyar 'yan fashi ce da ta yi girma. Amma ya ga wani abu da ni ma ban iya musantawa ba. Ina da ikon juya nawa kumatun, ba ni da ikon juya kumatun marayan da aka ba ni amanarsa. Ka ɗauki Basamariyen nan na misalin Yesu, ka ce ya iso tun 'yan fashin suna kan dukan mutumin. Ƙauna za ta ce ya tsaya gefe ya jira su gama sannan ya ɗaure raunuka? Ogustin ya rubuta wa wani babban soja mai suna Bonifas wajen shekara ta 418 cewa zaman lafiya ya zama abin da kake so, yaƙi kuwa larura ce kawai, kuma ko cikin yaƙi ka kasance mai neman sulhu. Shi kansa ya rasu a 430, lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye garinsa.

Daga nan koyarwar da ake kira yaƙin adalci ta taso. Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na ƙarni na 13, ya ce sai da halattacciyar hukuma, da dalili na gaskiya, da niyya mai kyau. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara cewa sai an gwada kowace hanya ta gaza, sai akwai alamar nasara, kada ɓarnar ta fi abin da ake son hanawa, kuma ba a taɓa wanda bai ɗauki makami ba. Francisco de Vitoria ya tsaya a jami'ar Salamanka a 1539, lokacin da ƙasarsa Sifen take cinye nahiyar Amurka, ya ce bambancin addini ba hujjar yaƙi ba ne, faɗaɗa daula ma haka, ɗaukakar sarki ma haka. Ka ga ke nan an gina koyarwar ne don ta zama shinge. Yawancin yaƙe-yaƙen tarihi, in ka auna su da ita da gaskiya, faɗuwa suke yi.

Akwai wani abu da tsohuwar Ikkilisiya ta riƙe wanda muka yar, kuma a ganina asararsa ta fi kowace girma. Ko da ta yarda soja ya yi yaƙi, ba ta taɓa ce masa hannunsa tsarkakakke ne ba. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya ba da shawara cewa sojan da ya kashe mutum a yaƙi ya ƙaurace wa Jibin Ubangiji shekara uku. Bayan yaƙin Hastings na 1066 a Ingila, bishop-bishop sun ɗora wa sojojin da suka yi nasara tuban shekara guda a kan kowane mutum da suka kashe, har maharba da ba su san wanda kibiyarsu ta samu ba an yanka musu nasu. Nasara ba ta ɗauke musu wannan ba. Sarki ma bai tsira ba: da Tiyodosiyus, sarkin Roma, ya sa aka karkashe dubban mutane a Tasalonika a shekara ta 390, Ambros bishop na Milan ya rubuta masa cewa ba zai miƙa Jibi a gabansa ba sai ya tuba, kuma sarkin ya tuba a bainar jama'a. Wannan ita ce sigar da bangaskiya take iya zama da yaƙi a cikinta: a ɗauke shi kamar yanke ƙafar da ta ruɓe, abin da ake yi da baƙin ciki, ba a yi masa guɗa.

Yaƙin da ake kira mai tsarki wani abu ne dabam, kuma ba ni da wata kariya da zan ba shi. A 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi shelar yaƙin gicciye a Clermont ta Faransa, ya mai da yaƙin kansa hanyar samun gafara. Abin da dā ake tuba dominsa ya koma shi ne tuban. Sakamakon ya bayyana a kisan Musulmi da Yahudawa a Urushalima a 1099, sannan a 1204 mayaƙan gicciyen suka wawashe Kustantiniya, birnin 'yan'uwansu Kiristoci.

Waɗanda suka ƙi takobi ɗungum ba su taɓa ƙarewa ba. Anabaftis, wani reshe na Furotesta, sun rubuta matsayinsu a Schleitheim a 1527, ɗarikun Menonayit da Kwekas suka biyo. Ɗaya daga cikinsu, Dirk Willems, ya tsere daga kurkuku a Holan a 1569, ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Shi yunwar kurkuku ta ramar da shi, ya haye. Mai bin sa ya fi shi nauyi, ƙanƙarar ta fashe da shi, yana ihu cikin ruwa. Dirk ya juyo ya ciro shi. Aka kama shi a nan bakin tafkin, aka ƙone shi da wuta ranar 16 ga Mayu. Duk shekarar da na ba ɗalibai wannan labari, aji yakan yi tsit, domin kowa ya san wa mutumin nan ya yi kama da shi. Ba na yarda a kira irin waɗannan mutane matsorata, kuma Ikkilisiyar da ba ta da su ta rasa madubinta.

To me ya hana ni bin su har ƙarshe? Ruwanda ce. A watan Afrilun 1994, ana tsakiyar yanka mutane, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage sojojinsa a ƙasar daga wajen 2,500 zuwa 270. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya, shekara guda bayan haka, an kwashe maza da yara maza fiye da 8,000 aka harbe, a garin da aka ce yana ƙarƙashin kariyar Majalisar. A wurare irin waɗannan, mai bindigar da ya janye shi ma yana da abin da zai amsa a gaban Allah. Don haka matsayina shi ne na Ogustin, da nauyin zuciya irin na Basil: Kirista yana iya zama soja don ya tsaya tsakanin mugu da marar ƙarfi.

Sai dai ƙofar tana ƙara matsewa, domin makaman zamani ba su san bambancin soja da jariri ba. Bishop George Bell ya miƙe a majalisar dattawan Birtaniya a watan Fabrairun 1944, yaƙi da Hitila yana kan ganiyarsa, ya soki ƙasarsa a kan ragargaza biranen Jamus da bama-bamai. Bam ɗin nukiliyar da aka jefa a Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945 ya fashe ne kusa da babban cocin Urakami, a unguwar da Kiristocin Jafan suka ɓoye bangaskiyarsu fiye da shekara 200. Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya ta ce a Amsterdam a 1948 yaƙi ya saɓa wa nufin Allah. Babban taron Batikan na Biyu ya ce a 1965 hallaka gari sukutum da mazaunansa laifi ne ga Allah da ɗan Adam. Paparoma Francis ya rubuta a 2020 cewa da wuya ƙwarai a yau a kafa hujja da tsofaffin sharuɗɗan nan a ce yaƙi na adalci ne.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Kalmar kishin ƙasa tana ɗauke da abu biyu, shi ya sa ake ruɗewa. Akwai ƙaunar ƙasa: ka so wurin da aka haife ka, harshenka, mutanenka, ka biya haraji, ka yi aiki don ta gyaru, ka ji zafi in ta lalace. Wannan Littafi Mai Tsarki bai hana ba. Yesu ya hango Urushalima ya yi kuka. Bulus ya ce da ma a la'ance shi saboda danginsa. Irmiya ya ce wa waɗanda aka kai bauta su nemi zaman lafiyar birnin da suke, su yi masa addu'a, birnin kuwa Babila ce, wadda ta ci su da yaƙi. Wanda ba ya ƙaunar maƙwabcin da yake gani, da wuya ya ƙaunaci na nesa.

Ɗayan kuma shi ne ƙasa ta zama ma'aunin gaskiya: abin da ya amfane mu shi ne daidai, jininmu ya fi na wasu tsada, Allah namu ne, kuma in ƙasa ta kira babu mai cewa a'a. Wannan addini ne cikakke, yana da tutarsa, da waƙoƙinsa, da shahidansa, da hadayarsa ta jini. Yesu ya ce ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu. Ka tuna ranar da ya yi wa'azi a Nazarat. Suna ta yaba shi har ya tuna musu cewa Iliya wurin gwauruwar Sidon aka aike shi, Elisha kuma Na'aman mutumin Suriya ya warkar, Na'aman ɗin da yake sarkin yaƙin abokan gāba. Nan take suka ja shi bakin dutse za su jefa shi. Amos ya riga ya gaya wa Isra'ila cewa Allahn da ya fito da su daga Masar shi ne ya fito da Filistiyawa daga Kaftor. Bulus ya ce a cikin Almasihu ba Bayahude ba Bahelene, ya ce mu 'yan mulkin Sama ne. Shahadar farko ta Ikkilisiya, "Yesu Ubangiji ne", an furta ta ne a daular da ake cewa Kaisar ne ubangiji, kuma mutane sun mutu a kan wannan bambanci. Taron shugabannin Otodoks a Kustantiniya a 1872 ya yanke cewa kafa Ikkilisiya bisa ƙabila ɓata ne.

Tarihin abin da ya faru sa'ad da aka manta da wannan yana da ɗaci. A 1914 sojan Jamus ya tafi fagen fama da "Allah yana tare da mu" a rubuce a kan ƙarfen ɗamararsa, limaman Ingila da Faransa da Rasha suna faɗa wa nasu haka nan, masu baftisma ɗaya suna kashe juna da miliyoyi. A zaɓen Ikkilisiyar Furotesta ta Jamus a watan Yulin 1933, ƙungiyar da ke kiran kanta Kiristocin Jamus, masu goyon bayan Hitila, ta ci wajen kashi biyu cikin uku. Suka nemi a kori fastocin da ke da jinin Yahudawa, wani jigonsu ma ya ce a yar da Tsohon Alkawari. Waɗanda suka ƙi sun taru a Barmen a watan Mayun 1934 suka ce Yesu Almasihu shi ne Kalmar Allah guda da za a saurara, babu wani ɓangaren rayuwa da yake na wani ubangiji. Ko su ɗin ba su ce uffan a kan Yahudawa a takardar ba. A Afirka ta Kudu malaman tauhidi ne suka nemo wa wariyar launin fata ayoyi, har sai da ƙungiyar Ikkilisiyoyin Reformed ta duniya ta ayyana ta a matsayin ɓata a Ottawa a 1982. A Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, an kashe mutane a cikin majami'u. A Nyange an rushe coci da katafila a kan aƙalla mutum 1,500, kuma kotun ƙasa da ƙasa ta sami limamin wurin da laifin kisan ƙare dangi. A watan Satumban 2022 shugaban Ikkilisiyar Otodoks ta Rasha, Kirill, ya yi wa'azi cewa sojan da ya mutu a bakin aikinsa a yaƙin Yukren, hadayarsa ta wanke masa dukan zunubansa. Maganar Clermont ce ta dawo. Jinin mutum ɗaya ne kaɗai yake wanke zunubi a bangaskiyarmu, kuma mai jinin bai kashe kowa ba.

Ga inda tambayoyinka biyu suka haɗu. Sharuɗɗan yaƙin adalci suna buƙatar alƙali, kishin ƙasa kuwa yana sa kowace ƙasa ta zama alƙalin kanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da wuya ka sami ƙasar da ta shiga yaƙi tana cewa nata na zalunci ne, kuma sau nawa ka ji shugabannin Ikkilisiya sun auna yaƙin ƙasarsu da sharuɗɗan nan suka ce ya faɗi? Koyarwar da kullum "i" take cewa ta zama hatimin gwamnati. Saboda haka gwajin da nake ba ɗalibaina guda ne: Ikkilisiyarku tana iya ce wa ƙasarku a'a? Kai kanka, akwai umarnin da za a ba ka ka ƙi?

Franz Jägerstätter manomi ne a wani ƙauye a Ostiriya lokacin da take ƙarƙashin mulkin Hitila, mai mata da 'ya'ya mata uku ƙanana, mai kula da cocin ƙauyen. Ba ya cikin masu cewa kowane yaƙi haram ne, ya ma taɓa yin horon soja. Ya dai auna yaƙin Hitila da abin da aka koya masa, ya ga na zalunci ne. Ya je wurin limamai, ya je har wurin bishop na Linz, aka ce masa ya tuna da iyalinsa, wannan hukunci ba na talaka irinsa ba ne. Da aka kira shi a 1943 ya je bariki da ƙafarsa ya ce ba zai yi yaƙin ba, amma ya yarda ya yi aikin jinyar raunanan. Aka sare kansa a Brandenburg ranar 9 ga Agusta 1943, yana da shekara 36. Ƙauyensu ya daɗe yana ganin matarsa da laifi. Sai a 2007 Ikkilisiyar Katolika ta ɗaga shi cikin masu albarka, a babban cocin Linz ɗin nan, matar tasa Franziska tana zaune a wurin tana da shekara 94. Dietrich Bonhoeffer kuma ta ɗaya gefen ya bi: fasto ne Bajamushe mai wa'azin zaman lafiya, ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki, ya shiga cikin masu ƙulla kawar da Hitila, bai kuma taɓa cewa hannunsa ya fita tsaf ba, ya ɗauki abin a matsayin laifin da zai kai gaban alherin Allah. An rataye shi a Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945. Ɗaya ya ƙi harbi, ɗaya ya yarda a yi kisa, amma dukansu biyu sun ƙi ba ƙasarsu abin da yake na Allah.

Haka ɗaliban makarantar horon limamai ta Buta a Burundi. Da asubar 30 ga Afrilu 1997 'yan bindiga suka shiga ɗakin kwanansu suka ce Hutu su ware gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi rabuwa. Aka buɗe musu wuta, 40 suka mutu tare.

Game da ƙanenka, kada ka ɗauke shi kamar wanda ya bar bangaskiya, Yahaya Maibaftisma bai ɗauki sojojin da suka zo wurinsa haka ba. Amma ka zauna da shi tun yanzu, kafin ranar ta zo, ku yi maganar abubuwan da ba zai yi ba ko wa ya ba da umarni: harbin wanda ya ɗaga hannu, taɓa mata da yara, azabtar da kamamme, ƙona gidajen mutane don a huce haushi, ƙwace a shingen hanya. Dokokin yaƙi na duniya ma, irin yarjejeniyoyin Janiba na 1949, suna bayansa a kan waɗannan, kuma tun shari'ar Nuremberg, wadda aka yi wa manyan gwamnatin Hitila, aka daina karɓar "umarni aka ba ni" a matsayin wankin laifi. Ka gaya masa ƙin irin wannan umarni yana iya jawo masa kurkuku ko abin da ya fi haka, don kada ya zo masa ba shiri. Ka roƙe shi ya riƙa yi wa waɗanda yake fuskanta addu'a, ko da bakinsa ya yi nauyi, domin da wuya ka wulaƙanta gawar mutumin da ka yi wa addu'a da safe. In aikin ya zo ya fi ƙarfin lamirinsa, akwai hanyar jinya: Desmond Doss ya ƙi taɓa bindiga a rundunar Amurka, ya kwaso raunana wajen 75 daga kan tsauni a Okinawa a 1945.

Ranar da ya dawo gida kuma, kada ku tare shi da kirarin jarumta kawai, kada kuma ku tare shi da zargi. Wataƙila ya ga abin da ba zai iya faɗa wa mahaifiyarku ba, wataƙila barci ya riƙa gagararsa. Ka nemo masa fasto ko dattijon da zai iya sauraron ikirari ba tare da ya yi saurin cewa "ba komai" ba, kai ma ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya yi magana a lokacin da ya shirya.